Daga Bauchi zuwa Gombe da farar riga: takardun sauya aiki, da zaɓi tsakanin kujerar in-caji da gefen gado

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a wani babban asibiti na jihar Bauchi kafin zama ya mayar da iyalina Gombe. Tsakanin garuruwan biyu tafiyar kilomita 150 ce ko ɗan sama da haka, ta Alkaleri, kuma har zuwa 1 ga Oktoba 1996 jiha ɗaya ce. Sai dai a wajen takardun aikin gwamnati kusancin nan bai rage mini komai ba: hukuma biyu, fayil biyu, tsarin albashi biyu. Daga ranar da na miƙa takardar farko zuwa ranar da albashina ya daidaita wata tara ne. Ban gama warware kaya ba kuma aka ajiye mini tambayar da ta fi takardun nauyi: zan karɓi in-cajin ɗaki, wato shugabancin ɗakin majinyata, ko zan koma gefen gado ina shif kamar kowa? Ina magana da ke 'yar'uwa ne, amma duk abin da zan faɗa ya shafi 'yan'uwanmu maza masu aikin jinya su ma.

Kada ki rubuta takardar ajiye aiki sai kin san ta wace ƙofa za ki shiga sabon wurin. Ƙofofin uku ne. Akwai tiransifa, wato a ɗauke ki daga wannan hukuma zuwa waccan tare da shekarun aikinki da matakinki. Akwai sabon ɗauka, inda za ki ajiye aikin farko ki fara kamar yau kika shigo. Akwai kuma aro, a ba da ke na wani lokaci, yawanci shekara biyu a karon farko, sunanki yana nan a wurinki na asali. Mutane da yawa suna faɗawa sabon ɗauka ne saboda ya fi sauri, sai daga baya su gane abin da suka bari a baya. Wadda ta kai PNO, ɗaya daga matakan manyan ma'aikatan jinya, idan aka ɗauke ta sabuwa a matakin da aka tallata, tana iya samun kanta a ƙarƙashin yaran da ta koya wa saka kanula. Za ta sake zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da ita, lissafin ƙarin girmanta ya koma farko, shekarun da ta yi a baya kuma su zama abin da sai ta yi ta bibiya ranar da za a lissafa giratuti.

Tiransifa ba ta yiwuwa sai an riga an tabbatar da ke a aiki. Don haka takardar tabbatarwa ita ce ta farko da za ki nemo. Da yawa daga cikinmu mun wuce shekara biyun gwaji tun tuni, muna ta karɓar ƙarin girma, amma ba mu taɓa riƙe takardar a hannu ba, sai ranar tafiya a ce babu ita a fayil. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki je rajista tun kina da wata shida a gaba, ki roƙi a buɗe miki fayil ɗinki a gabanki, ki duba da idonki: takardar kama aiki ta farko, takardar da ke nuna ranar da kika fara, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, da fom ɗin APER, wato na auna aikin ma'aikaci a ƙarshen shekara, na shekara uku na baya, kowanne da sa hannun wanda ya duba aikinki da na sama da shi. Fom guda da ba a sa wa hannu ba ya isa ya kwantar da fayil wata biyu, musamman idan wanda ya kamata ya sa hannun ya yi ritaya ko an sauya masa asibiti. Ki duba ranar haihuwa a kowace takarda, ki gwada da ta NIN da ta BVN. Ki duba suna. Wadda ta shiga makarantar jinya da sunan mahaifi, ta kama aiki da sunan miji, lasisinta kuma yana ɗauke da na farkon, tana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu da shaidar sauya suna a jarida kafin kowa ya saurare ta a wajen biyan albashi.

Takardar neman tiransifa ba a kai ta kai tsaye. Za ki rubuta wa hukumar da kike son komawa, amma ta bi ta hannun shugabar ma'aikatan jinya, ta bi ta hannun shugaban asibiti, ta hau hukumar kula da asibitoci ta jiha, sannan hukumar ma'aikata. Can ɓangaren da za su karɓe ki su ma sai sun rubuta cewa suna da gurbi a matakinki kuma sun amince. Sai takardar amincewarsu ta zo sannan wurinki na farko zai ba da takardar saki. A kowane tebur da kika ajiye takarda, ki tafi da kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki. Wannan kwafin mai hatimi shi ne kaɗai abin da za ki nuna ranar da aka ce ba a ga takardarki ba. Ni a jaka guda ta roba mai zif nake zuba su duka, ban taɓa ba kowa na asali ya kwana da shi ba.

Abu biyu kan tsayar da saki gaba ɗaya. Na farko yarjejeniyar karatu: idan gwamnati ta ba ki hutun karatu da albashi, kin sa hannu cewa za ki yi mata aiki na wasu shekaru bayan kin dawo, to sai kin cika su ko kin biya. Na biyu bashi, ko na ƙungiyar adashen ma'aikata, ko na banki da ake cira daga albashi. Ba za a sa hannu a takardar wanke ki ba sai an ga yadda za a biya. Akwai kuma maganar asali, wadda ba a cika faɗa a fili ba. Jihohi sun fi ba 'yan asalinsu aikin dindindin mai fansho, wanda ya zo daga wata jiha kuma sau da yawa kwantiragi ake miƙa masa. Idan aure ne ya kawo ki, ki tambaya tun farko ko za a karɓi takardar ƙaramar hukumar mijinki, kuma a rubuta a takardar kama aikin ko dindindin ne ko kwantiragi. Kalma ɗaya ce a takardar, amma ita ke raba mai fansho da marar fansho.

Lasisi kuwa na ƙasa ne, ba na jiha ba. Wanda hukumar NMCN mai rajistar ma'aikatan jinya da ungozoma ta ba ki a Bauchi shi za ki yi aiki da shi a Gombe, a Kaltungo ko a Bajoga. Abin lura kawai shi ne duk shekara uku ake sabunta shi, kuma sabuntawar tana buƙatar shaidar halartar bitar MCPDP, wato bitar ƙarin ilimi ta dole ga ma'aikatan jinya. Idan ya rage wata shida ya ƙare, ki yi bitar tun kina wurin da kika san mutane da lokacin da ake shiryawa, domin sabon wuri ba zai sa ki a jadawali da mataccen lasisi ba.

Sai kuɗi. Akwai takardar albashin ƙarshe, wadda ofishin kuɗi na wurinki na farko zai bayar, tana nuna watan da suka daina biyanki da abin da ake cire miki. Ba tare da ita ba sabon wuri ba zai fara biya ba, don gudun a biya mutum sau biyu. Idan kuma tsohon wurin ya ci gaba da turo albashi bayan kin tafi, kada ki taɓa kuɗin, za a neme su. Wadda za ta koma asibitin tarayya sai an shigar da ita tsarin IPPIS na biyan albashin gwamnatin tarayya, an ɗauki hoton yatsunta, sannan sunanta zai fito. Tsakanin rufe can da buɗe nan akwai watannin da ba abin da ke shigowa, ko da yake ana biyan ariyas daga baya. Ki tanadi abin da zai riƙe gida wata huɗu zuwa shida, ban da kuɗin haya, wanda a Gombe na shekara guda ake karɓa dunƙule. Ki tambayi tsarin fansho na ɓangarorin biyu. A tsarin karo-karo na dokar 2014, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10, kuma lambar asusunki guda ce har ritaya, kada ki yarda a buɗe miki ta biyu. Inshorar lafiya ma ba ta bin mutum da kanta: wadda take ƙarƙashin BASHCMA a Bauchi sai ta sake rajista a GoHealth idan aikin jihar Gombe ta shiga, ko a NHIA idan na tarayya ne. Ki yi wannan kafin yaro ya kwanta da zazzaɓi.

A wajen neman gida, tambaya biyu ce ta fi kuɗin haya muhimmanci: ruwa, da yadda za ki isa asibiti da dare. Gombe gari ne da ruwa ke da tsada a unguwanni da dama, wani gidan sai an sayi tanka. Wata unguwar kuma da damina kwari yakan raba ki da titi. Ki je ki ga gidan da magariba, ki tsaya a bakin hanya ki lissafa minti nawa kafin Keke Napep ya wuce. Gida mai sauƙi a can ƙarshen Tumfure yana iya fin na Jekadafari tsada idan aka haɗa da kuɗin hanya na shif ashirin a wata. Wannan tambayar tana da alaƙa da zaɓin da ke gaba, domin mai aikin safe kawai da mai aikin dare ba gida iri ɗaya ne ya dace da su ba.

A mako na biyu da kama aiki a Gombe shugabar ma'aikatan jinya ta kira ni. Dattijuwa ce, Mama kowa ke ce mata. Ta ce, "'Yata, na ga fayil ɗinki. Ɗakin mata ba shi da in-caji tun da mai riƙe da shi ta tafi karatu. Matakinki ya kai. Ko ki karɓa, ko in kai ki ɗakin haihuwa ki shiga shif." Na ce, "Mama, a ba ni mako guda in duba." Abin da na duba a makon nan shi ne abin da nake so kowa ya duba.

Da farko a raba mataki da muƙami, domin nan ne ake yawan ruɗewa. Mataki shi ne jerin girman ma'aikatan jinya daga ƙasa zuwa sama, NO II, NO I, SNO, PNO, ACNO, CNO, kuma a ƙa'idar aikin gwamnati shekara uku ce mafi ƙaranci tsakanin ƙarin girma daga mataki na 07 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa sama. Shi ke ƙayyade albashi. In-caji kuwa muƙami ne na cikin gida, takardar shugaba ce ke ba da shi, takardar shugaba ce ke karɓe shi. Riƙe ɗaki ba ya ƙara miki mataki, ƙin riƙewa kuma ba ya hana ki ƙarin girma idan lokacinki ya yi kika ci jarrabawa. Abin da ke tsayar da mutum a sama shi ne digiri: wadda ba ta da digirin jinya na BNSc a mataki na 14 take tsayawa, layin mataimakiyar darakta zuwa darakta na masu digiri ne. Saboda haka idan burinki shugabanci ne na gaske, neman gurbin digiri, ko a jami'ar karatu daga gida ta NOUN ne kina aiki kina karatu, ya fi riƙe makullin sito amfani. Ki kuma je ofishin kuɗi ki nemi a nuna miki takardar albashin mutum biyu masu matakinki, ɗaya mai shif, ɗaya mai aikin safe kawai, ki bi layi-layi. A wurin da alawus ɗin shif na mai yin shif ne kaɗai, in-caji tana iya ɗaukar ƙarin nauyi ta koma gida da kuɗin da bai kai na da ba.

Sannan na nemi rostar ɗakin, wato jadawalin shif, na wata uku da suka wuce, na zauna da biro. Ɗaki ne mai gado talatin. Mafi ƙarancin da zai riƙe shi mutum uku ne da safe, biyu da rana, biyu da dare. Safe awa shida, rana awa shida, dare awa goma sha biyu. Wato awa 18 da 12 da 24, jimla 54 a yini, 378 a mako. Idan kowa zai yi awa 40 a mako, ana buƙatar mutum tara da rabi, a ce goma. Kowannensu yana da hutun shekara na kwana 30, ke nan kusan kowane wata akwai wanda ba ya nan, an koma sha ɗaya. Ba a sa hutun haihuwa ba, ba a sa hutun karatu ba, ba a sa rashin lafiya da rasuwa da biki ba. Gaskiyar lissafi sha biyu ne zuwa sha uku. A takarda ɗakin yana da tara. Ɗaya tana karatu, ɗaya tana jego, saura bakwai. Idan aka raba 378 gida bakwai, kowa zai yi awa 54 a mako. Wannan giɓin na kusan awa ɗari shi ne ainihin aikin in-caji: wa za a roƙa ta dawo daga hutun dare kwana ɗaya kafin lokaci, wa za a bari ita kaɗai da gado talatin daga ƙarfe biyun dare, wa za a hana zuwa sunan ɗan ƙanwarta. Idan kuma ba a samu kowa ba, ita in-cajin ce za ta ɗaura ɗankwali ta fito. Masu cewa in-caji ta huta da aikin dare ba su ga wayarta ba.

Roƙon nan kuwa ba ya yiwuwa sai da sanayya. Wadda ta shekara biyar a ɗaki ta san wace ce mijinta ba ya gari a ƙarshen wata, wace ce ke da hawan jini ba ta faɗa, wace ce za ta ce to amma ba za ta zo ba, waɗanne biyu ne ba a haɗa su dare ɗaya. Baƙuwa ba ta san ko ɗaya ba. Ga kuma waɗanda suka daɗe suna jiran kujerar, aka ɗauko wata daga wata jiha aka ɗora musu. Ba za su yi miki rashin kunya ba, za su gaishe ki da ladabi, "Sista an tashi lafiya", amma ranar da kike neman mai rufe miki giɓi kowa yana da uzuri. Ba mugunta ba ce, amana ce ba a riga an gina ba.

Sauran aikin kujerar takarda ne da amsa tambaya. Littafin sito: safar hannu kwali nawa aka karɓa, nawa ya rage, me ya sa ya ƙare kafin Alhamis. Akwatin magunguna masu haɗari irin su fetidin da mofin, wanda ake ƙirgawa a kowane miƙa aiki, mutum biyu su sa hannu. Idan kwalba ɗaya ta ɓace, in-caji ce ke amsa takardar tuhuma ko tana gida aka yi. Tukunyar oksijin, injin zuƙo majina, ma'aunin hawan jini da ya daina aiki, zanin gado da aka kai wanki goma aka dawo da takwas. Rahoton ƙarshen wata. Cike APER na ƙananan ma'aikata, wanda a ciki za ki rubuta hukunci a kan mutanen da ba ki taɓa ganin hannunsu a jikin majinyaci ba. Ɗalibai da ke zuwa koyon aiki. Dangin majinyaci da suka cika ɗaki bayan lokacin ziyara, dole ki fita ki ce, "Baba, don Allah a rage, mutum biyu su tsaya." Duk wannan aiki ne na gaske, kuma ɗaki mai in-caji ta ƙwarai ana gane shi tun daga bakin ƙofa. Ina girmama shi. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ya kamata ki san yawan askin kafin ki karɓi ladan.

Gefen gado shi ma ba wurin hutu ba ne, kuma bai kamata a yi masa kwalliya ba. Dare yana cin jiki. Baya yana ciwo saboda juya majinyaci duk awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi. Ke ce kusa da jini da amai, a yankin da zazzaɓin Lassa ke tashi duk rani, kuma jihar Bauchi tana cikin waɗanda ya fi addaba a ƙasar nan, ga ta maƙwabciya. Mai yara ƙanana da ba ta da wanda za ta bar wa su a sabon gari, aikin dare yana iya gagararta gaba ɗaya, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi na karɓar aikin safe, ba abin kunya ba ne.

Amma akwai abin da gefen gado ke bayarwa wanda baƙuwa ta fi kowa buƙata. Ki ɗauki mai jijjiga da aka kawo ɗakin haihuwa cikin dare. Magani kowa ya san shi a littafi: magnesium sulphate giram 4 ta jijiya a hankali, sannan giram 5 a kowane ɗuwawu, daga nan giram 5 duk awa huɗu har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowace allura a duba abu uku: numfashi ya kai 16 a minti, gwiwa tana zabura idan an buga, fitsari yana kai mililita 30 a awa. Calcium gluconate kuma yana kusa don ko maganin ya yi yawa. Wannan ilimin da shi na zo daga Bauchi. Abin da ban zo da shi ba shi ne: a wace durowa ake ajiye maganin a nan, wa ke riƙe makullin da dare, idan babu a ɗaki ko famasi yana buɗe ko sai an tura dangi waje, wane likita ne ke ɗaukar waya a bugun farko, minti nawa janareta ke ɗauka kafin ya tashi, kuma ina ake samun jakar fitsari mai ma'auni idan ta sito ta ƙare. Ba a koyon waɗannan daga ofis. A dare uku na koyi abin da wata uku a kujera ba zai nuna mini ba, kuma su ne ainihin abubuwan da in-caji za ta yi yaƙi a kansu a taron shugabanni.

Haka harshe. Hausa ta wadatar a cikin gari, amma asibitin Gombe yana karɓar mutanen Dukku da Nafada da rugage, da na Billiri da Kaltungo da Deba. Tsohuwar da Fulatanci kaɗai take ji ba za ta gaya miki inda ke mata ciwo ta bakin jikanta namiji ba. Kalmomi kaɗan suna buɗe ƙofa: reedu ciki, hoore kai, ndiyam ruwa, lekki magani. A bakin gado ake tsintar su, daga masu shara da masu jinya, da abokan aiki 'yan Tangale da Tera da Waja waɗanda kowannensu ke zama tafinta idan buƙata ta taso.

Hannu kuma yana mantuwa. Wadda ta shekara biyu ba ta nemi jijiyar jaririn da gudawa ta busar ba, za ta ji bambanci ranar da ta koma. Lissafin ƙarin ruwa da ake yi a ka, lita ɗaya a awa takwas ɗigo 42 a minti da robar da ke ba da ɗigo 20 a mililita, yana dushewa idan ba a yi. Wannan yana da muhimmanci ga mai niyyar ƙarin karatu na ƙwarewa, ko na tiyata, ko na kulawa ta musamman, ko na ƙashi a Dala ta Kano, ko na ido a Kaduna. Yana da muhimmanci ga mai tunanin fita waje ma. Masu ɗaukar aiki a Saudiyya da Ingila suna tambayar sashen da kika yi aiki da hannunki a shekarun baya-bayan nan, kuma a Ingila sai an gwada ki a aikace a jarrabawar OSCE, ba a tambayar ɗaki nawa kika shugabanta.

Da makon ya cika na koma na ce, "Mama, a bar ni a ɗakin haihuwa shekara guda. Idan har lokacin kina ganin na dace, zan karɓa." Ban ce ba na so ba, kuma ina ba da shawarar kada a ce haka, domin ana rubuta shi a zuci ko ba a rubuta a fayil ba. Lokaci na nema, da dalili. Hukuncina ke nan ga duk wadda ta sauya gari: sai dai idan lafiya ko yara sun hana ki dare, kada ki karɓi ɗaki a wata shida na farko, shekara ta fi. Albashinki bai daidaita ba, gidanki bai zauna ba, ba ki san mutane ba, su ma ba su san hannunki ba. Wadda suka ga ta tsaya da su a kan mai zubar jini har asuba, ita ce idan ta ce "ki taimaka ki rufe mini Asabar" za a rufe.

Da shekara ta zagayo aka sake kira na, na je da sharuɗɗa a rubuce. A ba ni takardar naɗi mai kwanan wata, ba maganar baki ba, domin ita ce za ta shiga fayil ta yi amfani a gaba. A yi miƙa aiki na gaske: mu zagaya da mai barin gado, mu ƙirga gado da katifa da tukunyar oksijin da duk abin da ke akwatin magunguna masu haɗari, mu sa hannu mu biyu da shaida, don kada a tambaye ni abin da ya ɓace kafin zuwana. A naɗa mataimakiya da za ta riƙe waya mako ɗaya, ni mako ɗaya. A rubuta adadin ma'aikatan da ɗakin ke da su a zahiri ranar da na karɓa, da lissafin awannin nan, a kai wa shugaba, don ranar da wani abu ya faru da dare a san giɓin ba yau ya fara ba. Na ƙarshe, a bar mini shif biyu a mako a cikin rosta, ɗaya daga ciki na dare sau biyu a wata, ina ɗaukar majinyata da kaina. An amince da huɗu nan take. Na mataimakiya ya ɗauki wata uku kafin a samu wadda matakinta ya kai, kuma a watannin nan waya tana ƙarƙashin matashina kullum. Ƙirgar ranar miƙa aiki ta ɗauke mu daga ƙarfe tara har bayan azahar. Tukunyar oksijin biyu daga cikin biyar da ke littafi babu komai a ciki, muka rubuta haka, muka sa hannu.